Abin Da Ke Ƙarƙashin Tabarmar Gwaggo

Shafi na 23

Masu cewa in bar Heilala ta rama abin da Gwaggo Kalolaine ta yi mata a coci, to ga ramuwar nan na kawo muku. Ni dai da na gama rubuta shafin nan, sai da na kifa wayata.

*

Tun daga nesa Heilala ta hango su.

Idan 'yan Tonga za su je jana'iza ba sai an faɗa maka ba. Baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, kowa da tabarma ɗaure a ƙugu. Haka suka cika layin binciken fasinjoji na filin jirgin Sydney, Kelepi a gaba, idanunsa sun yi jajir. Mahaifinsa ne ya rasu a can tsibirin Vava'u na ƙasar Tonga, gida za su je su binne shi.

Heilala ta shafa zoben alkawarin aure da ya ba ta, wanda ke ɓoye a ƙarƙashin safar hannunta ta roba.

Warwick, abokin aikinta da ke tsaye gefen na'ura, ya zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke Lala, fatalwa kika gani? Ko wancan ƙaton ne mai sa ki yi wa waya murmushi lokacin shan shayi?"

"Kama bakinka, Warwick."

"Ni dai na tuna miki. In kin san su, doka ta ce ki koma wani layi."

"Ban san su ba. 'Yan ƙasarmu ne kawai."

Ƙarya ta yi. Musanyar aiki ma ta yi da wata don ta kasance a layin nan yau. Ba a gayyace ta jana'izar ba, to ko kallo ɗaya ne ta samu ta yi masa kafin jirgi ya ɗaga.

Sai ga wadda ta hana a gayyace ta.

Gwaggo Kalolaine, yayar mamacin. Tana tafe a hankali, kai a sama, ƙamshin man kwakwa na riga ta isowa. A wurin 'yan Tonga gwaggo ce sama da kowa a gidan ɗan'uwanta. Ita ke raɗa wa 'ya'yansa suna, ita ke zama wajen kan gawarsa, kuma babu auren da za a sa wa rana sai ta ɗaga kai. Balle ita da ta raini Kelepi da hannunta bayan rasuwar uwarsa.

Ita ce ta dubi Heilala a zauren coci, a gaban matan zumunta, ta ce:

"Yarinyar da ke cin abinci da kallon tsiraicin mutane a na'ura? Ba a gidan ƙanena ba."

Maganar nan har yau tana nan daram a ƙirjin Heilala.

Dangi suka fara kwance tabarminsu suna naɗewa a cikin faranti, kamar yadda Heilala ta gaya wa Kelepi ya faɗa musu. Na'urar ba ta son kauri. Wata 'yar igiyar rediyo take watsawa, ta ratsa tufafi, ta taɓa fata ta dawo. Duk abin da ta ci karo da shi a tsakani, wuƙa ce, ƙwaya ce, ko tsohon tikitin bas ne, sai ta zana akwati ruwan ɗorawa a jikin wani zanen mutum marar fuska da ke kan allo.

Kelepi ya shiga, ya buɗe hannuwa, allo ya yi kore. Da zai wuce ta ya ɗan rage murya.

"Kin zo."

"Na zo. Ka ci wani abu?"

Ya girgiza kai, ya wuce.

Ƙanwarsa Losaline ta wuce. Kowa ya wuce. Saura Gwaggo, da tabarmarta a ƙugu, ko taɓa igiyar ba ta yi ba.

Warwick ya yi mata magana da Turanci cikin ladabi. Ta dube shi kamar bango ne ya yi tari.

"Lala, taimaka min da harshenku mana."

Heilala ta matso, ta ɗan rusuna.

"Gwaggo, za ki kwance tabarmar a sa a faranti."

"Ni ba gwaggonki ba ce."

"To, Mama..."

"Ƙanena na kwance yana jira na, ki ce in tuɓe a gaban 'ya'yansa? Ba a koya miki komai a gidanku ba?"

Wasu daga cikin dangin suka juyo. Fuskar Heilala ta ɗau zafi.

Warwick ya ɗaga kafaɗa. "Bar ta ta shiga da ita. In ya yi kore, ta wuce abinta."

Gwaggo ta shiga tsakanin bangayen na'urar biyu. Ta buɗe hannuwa kaɗan. Da Heilala ta lura, da ta ga yadda yatsun matar ke rawa. Ba ta lura ba. Allo take kallo.

Akwati biyu suka fito. Ɗaya babba a gefen hagu na ciki, ɗaya ƙarami a ƙugu.

Allah ya sani, wani sanyin daɗi ne ya ratsa Heilala.

Ta san abin da ya kamata. Ta kira shugabarsu a hankali, ta ja da baya, shi ke nan. Amma sai bakinta ya buɗe da harshen gida, da muryar da duk wani mai baƙin kaya a wurin sai da ya ji:

"Na'ura ta ce akwai abin da kika ɓoye a ƙugunki. Sai an bincike ki."

Ta ƙara da cewa:

"Kuma ki duba allon da kyau, Mama. Ba tsiraici take nunawa ba. Abin da mutum ya ɓoye take nunawa."

Losaline ta dafe baki. Kelepi ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Gwaggo ta fito daga cikin na'urar. Leɓenta ne kawai ya yi fari.

*

Ɗakin bincike ɗan ƙarami ne. Kujera ɗaya, tebur ɗaya, ba taga. Dole mata biyu su shiga, ɗaya ta bincika, ɗaya ta zama shaida. Narelle, shugabarsu, ta rufe ƙofa ta sa safar hannu.

"Lala, ki fassara mata. Ki ce ni zan duba, ba zan daɗe ba."

Heilala ta fassara.

Gwaggo ta zauna a kan kujerar. "Baturiyar nan ba za ta taɓa ni ba. Ke kika fara. Ke za ki gama."

"Me ta ce?" in ji Narelle.

"Ta ce... ni take so."

"Zaɓinta ne. Yi aikinki."

Heilala ta matso. Sai ta ga kanta tsaye a kan babbar mace, kanta sama da nata. Ta zube a kan gwiwoyi.

"Me kike nema a ƙasa?" Narelle ta tambaya.

"Haka muke yi."

"Yanzu kika tuna da yadda muke yi?" Gwaggo ta faɗa ba tare da ta dube ta ba. "Kwance."

Heilala ta kama ƙullin igiyar. An ɗaure shi tamau, an zagaya ƙugu sau da yawa, fiye da yadda kowa ke yi. Ta warware, ta warware. Tabarmar ta saki.

Wata 'yar jakar yadi ta faɗo ƙasa. Ƙwayoyi suka yi ƙara a ciki.

Heilala ta zuba wa jakar ido. Ƙwaya? Gwaggo Kalolaine, shugabar matan zumunta?

Narelle ta ɗauka, ta buɗe, ta ciro wani kwali ta juya shi. Ta karanta sunan da aka manna a jiki, ta karanta sunan maganin. Fuskarta ta canza. Muryarta ta yi laushi kamar ba ita ba.

"Nata ne. Likita ne ya rubuta. Maganin kashe zafi ne, irin wanda ake ba masu ciwon daji."

Heilala ta ɗago.

"Saura na gefen cikinta," Narelle ta ce a hankali.

Heilala ta kai bayan hannunta gefen hagu na cikin Gwaggo, kamar yadda aka koya musu. Ta ji wani abu mai laushi, mai ɗumi, a ƙarƙashin baƙar rigar. A lokacin ne kuma hancinta ya jiyo abin da ƙamshin man kwakwa yake ta faman rufewa.

Hannunta ya tsaya cak.

Ta sani. An nuna musu hotonsa lokacin horo. Jaka ce da ake manna wa mutum a ciki idan an yanke masa hanji, bayan gida ya riƙa sauka a ciki.

"Me ya tsayar da ke?" Gwaggo ta ce. "Ɗaga rigar. Ba abin da na ɓoye kike son gani ba?"

"Mama, don Allah..."

"Ɗaga!"

"Ba sai an ɗaga ba. Ba a ɗagawa. Don Allah ki yi haƙuri."

Gwaggo ta kama bakin rigar da kanta, ta ɗaga.

Heilala ta runtse ido. Narelle ta juya ta fuskanci bango.

"Buɗe idonki. Kin gani? Kin ƙoshi?"

Hawaye ya gangaro wa Heilala har cikin baki.

"Taron mata na Melbourne da na ce na tafi," Gwaggo ta ci gaba, muryarta a bushe, "babu wani taro. A gadon asibiti nake, ni kaɗai. Na dawo na ce abincin can ne bai karɓe ni ba, shi ya sa na rame. Suka yarda. Wa zai tambaye ni?"

"Kelepi bai sani ba?"

"Kelepi? Ubansa ma har ya mutu bai sani ba. Ke ba 'yar Tonga ba ce? Yaushe namiji ya fara jin zancen jikin 'yar'uwarsa?"

Ta saki rigar.

"Gobe ni zan zauna wajen kan ƙanena. Ni za a kawo wa tabarmi masu kyau a ajiye a gabana. Ni zan yanke wa Losaline gashi, yadda al'adar makoki ta ce. Duk garin zai zo yana rusunawa. Kina so su rusuna suna tunanin abin da ke manne a cikina? Kina so yara su riƙa ɗauke numfashi in sun zo sumbatar kumatuna?"

"A'a, Mama."

"Su ɗora ni a keken marasa lafiya, su riƙa cewa sannu Gwaggo, kwanta Gwaggo. Ni Kalolaine."

Narelle ta yi gyaran murya, har yanzu fuskarta na bango.

"Lala, ki gaya mata ba ta yi laifin komai ba. Kullum muna ganin masu irin jakar nan. Ta shafa wurin da hannunta ta saman riga, mu goge hannun mu gwada, ta tafi. Wani karon ta raɗa wa ma'aikaciya a kunne tun kafin ta shiga, ba wanda zai ji."

Heilala ta fassara, kalmomin na sarƙe mata.

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"In raɗa wa wa? Ke ce a tsaye a wurin."

Heilala ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙasa.

Aka goge hannun da ɗan ƙyalle, Narelle ta sa a na'urar gwaji da ke kan tebur. Babu komai. Ta mayar da jakar maganin a tafin Gwaggo, ta ɗan matse hannun kafin ta saki.

Gwaggo ta miƙe, ta jawo tabarmar. Ta zagaya igiyar sau ɗaya, ta zame. Ta sake, ta zame. Yatsunta sun ƙi tsayawa.

"Bari in ɗaura miki."

Gwaggo ta sakar mata igiyar.

Heilala ta matso a kan gwiwa. Ta gyara tabarmar ta sauko daidai inda za ta rufe, ta soke jakar maganin a inda take da, ta fara zagaya igiyar a hankali, tana kauce wa gefen hagu.

"Ƙara sassautawa," Gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa. "Nan yana min zafi."

Ta sassauta.

"Kin san abin da ya sa na faɗi maganar nan a coci?"

Heilala ta girgiza kai.

"Lokacin ban daɗe da fitowa daga asibiti ba. Aka ce min yarinyar da Kelepi ke so, aikinta ganin abin da ke ƙarƙashin kayan mutane. Na dube ki kina raba shayi, kina ta murmushi. Na ce wannan in ta shigo gidana, kwana nawa zan yi kafin ta gane?"

Ta ja numfashi.

"Tsoronki na ji. Shi ne na zage ki."

Kuka ya ƙwace wa Heilala. Ta toshe baki da kafaɗarta, hannuwanta na riƙe da igiyar.

"Ni kuma na ji daɗi," ta ce. "Da akwatin ya fito a allo, na ji daɗi, Mama. Da gangan na ɗaga murya."

"Na sani. Na ga idonki."

Gwaggo ta kama hannunta na hagu, ta juya shi. Zoben ya fito sarai ta cikin robar.

"Na Seini ne wannan, uwar Kelepi. Ni na raka ubansa ya saya."

Heilala ta kasa ɗagowa.

"Saurara. Abin da kika gani a ɗakin nan, a nan zai mutu. Ba uwarki ba, ba fasto ba, ba Kelepi ba."

"Ba zan faɗa ba."

"Zai tambaye ki."

"Na sani."

"Ko zai rabu da ke a kai?"

Heilala ta ɗago ta dube ta.

"Ko zai rabu da ni."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta saki hannun, ta gyara zaman gashinta, ta ɗaga kai sama kamar yadda ta shigo.

"Buɗe min ƙofa."

*

Suna nan duka, ba wanda ya gusa. Sun mayar da tabarminsu, sun yi cirko-cirko a bayan layin.

Losaline ce ta fara rugowa.

"Gwaggo! Me suka yi miki? Dubi fuskarki!"

"Ba komai. Ɗauko min jakata."

Narelle ta raɗa wa Heilala, "Je ki wanke fuskarki. Anjima kuma zan ji dalilin da ya sa kika ce wa Warwick ba ki san su ba."

Ba ta kai ga tafiya ba Kelepi ya tare ta. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

"Me aka samu a jikinta?"

"Kelepi, ba a yarda in faɗa ba."

"Kin faɗa da ƙarfi a gaban kowa cewa ta ɓoye abu. Lokacin an yarda? Me aka samu?"

Heilala ta saci kallon Gwaggo. Tana tsaye can gefe, ta ba su baya.

"Babu komai."

"Babu komai?"

"Kaurin tabarmar ne. Na'ura kan yi haka."

"Kin san kaurin tabarma ne, kika ja ta ɗaki?"

"Eh."

"Kika tuɓe ta."

Heilala ta kau da kai.

"Matar da ta goya ni, Heilala. A ranar da za ta je binne ƙanenta."

Losaline ta juyo, idanunta cike da ƙwalla. "Ramuwa ce! Maganar coci ce take ramawa. Ai na faɗa maka tun farko, ka ce bakina ya yi tsawo."

"Losa, yi shiru." Ya sake duban Heilala, muryarsa ta karye. "Ki ce min ba haka ba ne. Ki ba ni dalili ɗaya, ko wane iri, zan karɓa. Na rantse zan karɓa."

Dalilin na nan a kan harshenta. Kalma kaɗan ce. Da ta faɗa, da ya gane abin da ya daɗar da su a ɗakin, da ya manta da ita ya ruga wajen gwaggonsa.

Ta tuna yatsun nan masu rawa a kan igiya.

"Haka ne," ta ce. "Ramuwa ce."

Wani ya ja tsaki a cikin dangin. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, 'ya'yan da aka haifa a ƙasar nan."

Kelepi ya rufe ido. Da ya buɗe, sai ya miƙa mata tafin hannunsa.

"Zoben mamana."

"Kelepi..."

"Don Allah kada ki sa in sake faɗa."

Heilala ta kama bakin safar, ta zare ta a hankali. Zoben ya yi ƙyalli a ƙarƙashin fitilun. Ta kama shi, ta murɗa. Gumi ya sa ya maƙale a gaɓar yatsa. Ta sake murɗawa, hawaye na ɗiga a kan rigar aikinta.

Ya zame ya fito.

"Kelepi."

Muryar Gwaggo ce.

"Mayar da hannunka."

"Gwaggo, ki bar ni da ita, abin da ta yi miki..."

"Na ce mayar da hannunka!"

Ya mayar.

Gwaggo Kalolaine ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta tako har tsakiyarsu, a gaban 'ya'yan ƙanenta, a gaban Warwick, a gaban baƙin da ke wucewa da akwatunansu.

Heilala ta ga inda hannun matar ya nufa.

"Mama, a'a! Kada ki yi! Don Allah kada ki yi!"

"Ku duka ku juyo ku dube ni," in ji Gwaggo.

Ta kama ƙullin igiyar tabarmar da Heilala ta ɗaura mata, ta ja.